Kafin ka ɗaura wa motar neman abincinka turbo

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da abokan aikinka, ina roƙon ɗan fili a wannan jarida tamu in yi magana a kan wani abu da ya fara shiga kan samarinmu masu ƙananan motoci, nan Tawa da can Yamai. Yaro zai kalli bidiyo a TikTok ko Facebook, ya ga wata tsohuwar Starlet tana huci tana tsere wa manyan motoci, sai ya kwana ya tashi da maganar turbo a bakinsa. Ni ba makanike ba ne. Maganin dabbobi nake sayarwa, kuma shekara 14 ke nan ina bin kasuwannin Adar da mota: Badagishiri, Keita, Illela, wani lokaci har Abalak. Amma cikin shekara biyu, sauya inji da ɗaura turbo duk sun shigo gidanmu, ɗaya a motata, ɗaya a ta ɗan ƙanwata, kuma na ga inda kowace hanya ta kai mai ita.

Yaron nan mai neman na kansa ne, ba ɗan shiririta ba. Da Starlet ɗinsa yake ɗauko kayan waya daga Ƙwanni yana rarraba wa masu shaguna a Tawa, da ita yake kai mahaifiyarsa asibiti, da ita ake ɗauko gero in kaka ta yi. Injin da ke cikinta shi ne 4E-FE, lita 1.3, ƙarfin doki 75. Wata rana bayan la'asar ya same ni a zaure da waya a hannu ya ce: "Kawu, dubi nan. Inji ɗaya ne da nawa, turbo kawai aka ƙara masa, ya kai doki 135." Na karɓa na duba. Gaskiya ne Toyota ta yi Starlet mai turbo, GT Turbo da Glanza V, waɗanda aka sayar a Japan, kuma gaskiya ne injinsu ɗan gidan nasa ne, sunansa 4E-FTE. Na ce masa ya dakata mu tambayi masu sani. Bai dakata ba. Ya tafi Yamai, wani gareji da ba zan kama suna ba ya samo masa turbo da aka ciro daga wata motar gazwal, mai walda ya lanƙwasa masa bututai, ya dawo bayan kwana tara.

Ba zan ɓoye ba, mako uku na farko motar ta yi abin mamaki. Na shiga da kaina. Yana taka totur sai ka ji wani siririn fito daga gaba, bayanka ya manne da kujera. Yaro ya yi ta murna, ni ma na fara cewa ko ni ne na tsufa.

Ranar da abin ya faru cikin watan Mayu ne, wajen ƙarfe biyu na rana, lokacin da kwalta ke rawa a ido kuma zafi ya haura 43. Yana dawowa daga Ƙwanni da kaya maƙil, ya ƙara man kwalba a bakin hanya, ya wuce Badagishiri kaɗan. Ya ce mini da ya taka a wani hawa sai ya ji ƙara kas-kas-kas, kamar ana kaɗa tsakuwa cikin gwangwani. Bai ɗaga ƙafa ba, don bai san ma'anarta ba. Kafin ya kai saman hawan hayaƙi ya turnuƙe bayansa, mota ta mutu. Ni na je na ɗaura mata igiya, muka ja ta kusan kilomita 50 zuwa gida, muka iso bayan isha'i.

Washegari makanikena, dattijon da ya san motata tun ranar da na saye ta, ya kwance kilas, wato murfin saman inji, a gabanmu. Ya fara ciro buji ya miƙo mini: bakinsa fari fat kamar an tsoma shi a toka, ga wasu ƴan ɗige-ɗige masu ƙyalli a jikinsa. Ya ce: "Alhaji, wannan ƙyallin da kake gani, naman pistan ne." Da aka zaro pistan na uku, gefensa guda ya zaizaye kamar sabulun da ɓera ya ci, zobban sun kakkarye, bangon silinda ya karce har farce na maƙalewa. Yaron yana tsaye hannu a ka, bai ce uffan ba.

Bayanin da dattijon ya yi mana a gindin bedi ranar nan shi ne dalilin wannan wasiƙa, don na ga da yawa masu son turbo ba su taɓa jin sa ba. Turbo ba ya ƙirƙiro ƙarfi. Hayaƙin da ke fita daga inji yake amfani da shi ya juya wata farfela, ita kuma ta juya ƴar'uwarta da ke cusa iska cikin inji da ƙarfi, suna juyawa fiye da sau 100,000 a minti. Iska ta yi yawa, sai a ƙone mai da yawa, ƙarfi ya ƙaru. To amma iska in aka matse ta zafi take yi, ko famfon keke ka taɓa bayan ka buga taya za ka ji. Mu kuwa iskar da muke farawa da ita a bazara ta riga ta gasu tun kafin ta shiga. Injin yaron an ƙera shi yana matse iska da esansi kashi 9.6 zuwa 1. Da Toyota ta tashi yi wa wannan gidan inji turbo, sai ta sauko da matsin zuwa 8.2, ta sa wasu pistan daban, ta sa injekta masu ba da mai da yawa, ta sa abin sanyaya iska kafin ta shiga inji, ta ba shi kwamfutar da ta san da zaman turbo. Su da suka ƙera injin ba su yarda su ɗora masa turbo haka kawai ba. A motar yaron ba a taɓa ko ɗaya daga cikin waɗannan ba. Kwamfutarsa ba ta iya auna iskar da ta wuce ta sararin Allah, saboda haka iska na ta shiga, mai bai ƙaru daidai da ita ba. Wuta mai ƙarancin mai kuwa ta fi zafi, kuma esansin yakan fashe da kansa ba bisa ƙa'ida ba, ya doki pistan kamar guduma. Kas-kas ɗin da ya ji ke nan.

Sai maganar man da muke sha. Tun da Najeriya ta cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ruwa-ruwa, wato man da ake shigowa da shi ta bayan fage, ta ragu, amma kwalaben bakin hanya ba su ɓace ba, kuma duk mai bin ƙauyuka ya san akwai ranar da ba ka da zaɓi sai su. Ba ka san abin da aka gauraya a ciki ba. Inji na asali yana da haƙuri, zai sha ya yi tari ya wuce. Injin da aka matse har wuya ba shi da wannan sararin. Haka ƙura: farfelar da ke irin wancan gudu, in filtar iska ta yage cikin hunturu, yashi cin ta yake. Haka man inji, domin shi ke shafa turbo yana sanyaya shi, mu kuwa mun san yadda ake jan ƙafa wajen bidanji, wato canjin man inji, in aljihu ya yi sanyi.

Kada a ce na tsani turbo. Hilux masu injin gazwal na D-4D da ke bin hanyar Agadas duk turbo gare su, suna kuma aiki ba dare ba rana, saboda da shi aka haife su. Dubi Land Cruiser ma. Injin 1HZ, lita 4.2, ba shi da turbo, shi ne wanda direbobin arewa ke rantsuwa da juriyarsa. Da Toyota ta so mai turbo a wannan girman, ba ta ɗaura wa 1HZ ba, ta fito da 1HD-T mai wani irin kilas da wasu pistan. Wanda ke da mota ta biyu a gida, yana da kuɗin sauya pistan da injekta da famfon mai da kuloci da kwamfuta, yana kuma da gwanin da zai daidaita masa mai da wuta da na'ura, wannan sha'awarsa ce, Allah ya ba da sa'a. Ni da mai mota ɗaya nake, wanda in ta kwana a gareji tukunyar gidansa ta ji a jikinta.

Tawa motar Corolla ce ta 1998, ita ma da 4E-FE ta zo, doki 86. Da kwalayen magani da yarona da wani lokaci fasinja biyu, hawan duwatsun hanyar Keita sai da giya ta biyu, inji na kuka. Abin da nake nema ba gudu ba ne, ja nake nema tun daga ƙasa. Kafin komai dattijon ya auna matsin kowace silinda, ya duba filtar, ya duba salansa ko ta toshe. Ya ce motoci da yawa da masu su ke kukan ba su da ƙarfi, ba ƙarami ne injinsu ba, gajiya ya yi ko numfashinsa ya toshe, kuma gyaran ƴan jikkuna ya ishe su. Nawa dai an samu ya gaji da gaske, yana kuma shan man inji. Tunda dole a kashe kuɗi, sai ya ba ni shawarar 4A-FE, lita 1.6, doki 110, kuma hujjarsa ita ce ta kama ni: Toyota da kanta ta sayar da irin wannan Corolla da wannan injin. Ke nan mazauninsa yana nan, akwatin giyarsa yana nan, birki da radiyata da suka dace da shi duk akwai su a kasuwa, ba sai an yanka ƙarfe ko an yi ƙirƙira ba.

Ba na cewa sauya inji hanya ce mai santsi. Ni ma na sha tawa. Injin okaziyon kaya ne cikin buhu, ba ka san tafiyar da ya yi a Turai ba, kuma tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma zagayowa ta Lome da Burkina, komai ya hau. Na farko da aka kawo mini daga Yamai an wanke shi yana sheƙi, da aka ɗora aka tayar sai shuɗin hayaƙi. Sai da na yi sati uku ina waya kafin mai shi ya yarda ya canza. Na biyu lafiya lau, amma ya ƙi tashi, domin Corolla ƴan Turai na waɗannan shekarun makullinsu na da ɗan ƙwayar tsaro a ciki, in kwamfuta ba ta gane makulli ba ba za ta saki mai ba. An aiko inji da kwamfuta, an bar makulli. Wannan ma ya ci kwana goma. Saboda haka duk mai niyya, ya sayi inji da akwatin giyarsa da wayoyinsa da kwamfutarsa da makullinsa daga mota guda, a tayar da shi a gabansa ko a auna matsinsa, kuma a yi yarjejeniyar mayarwa gaban shaidu kafin ya miƙa ko dala. Ya kuma guji ɗauko injin wani kamfani ya cusa wa motar wani. Na ga irinsu, kullum suna wajen mai waya, yau allurar zafi ba ta aiki, gobe fanka ba ta tashi.

Akwai kuma takardu, waɗanda samari ba sa son a ambata. Kart giriz, wato takardar rajistar mota, na ɗauke da ƙarfin mota da irin man da take sha, a kansu ake yanka binyat, wato harajin mota, da asurans. In ka sauya inji, je ka a gyara takarda. Ni na yi, ya ci mini kwanaki, amma ban so ranar tsautsayi ta zo a ce motar da ke rubuce daban, wadda ke kan hanya daban.

Duk da wahalar nan, yau wata 20 ke nan ban buɗe injin ba sai don bidanji. Hawan Keita da giya ta uku nake yin sa. Esansi ya ɗan ƙaru a cikin gari, a doguwar hanya kuwa kusan ɗaya ne da da, don ba na matsa masa. Abin da ya fi kwantar mini da hankali shi ne ranar da famfon ruwa ya fara yoyo a Illela. Wani saurayin makanike ya leƙa ya ce: "Baba, ai 4A ne," ya hau babur, kafin in gama sallar azahar ya dawo da wani a hannu. Da bututan walda ne da turbon motar gazwal a ciki, wa zai san kansu a can?

Roƙona ga masu gareji, musamman na Yamai inda yaranmu ke zuwa da ƴan kuɗin da suka tara: in saurayi ya zo da motarsa ɗaya tilo yana neman turbo, ku faɗa masa duk abin da aikin ke bukata da kuɗinsa tun daga farko, ko da zai fasa. Wanda ya yi wa ɗan ƙanwata aiki ya san babu abin sanyaya iska, ya san ba a ƙara mai ba, ya karɓi kuɗi ya sallame shi zuwa zafin Adar. Kai kuma Edita, da za ka riƙa ba tsofaffin makanikai fili lokaci-lokaci su yi irin wannan bayani da Hausa, da an rage asara, don bidiyon da yaran ke kallo ba ya nuna musu motar bayan wata uku.

Starlet ɗin ta yi wata biyu a gindin bedi. Masu shagunan da yake kai wa kaya rabinsu sun kama wani. Sai da mahaifiyarsa ta sayar da raguna biyu da take kiwo don Layya, ni ma na cika, aka samo masa 5E-FE, lita 1.5, ɗan gida ɗaya da nasa na da, ya zauna daram a mazauninsa. Ya koma hanyar Ƙwanni, yana ta farfaɗo da cinikinsa a hankali. Turbon yana nan cikin buhu a zaurena tare da pistan ɗin nan na uku. Samari biyu sun zo neman sayen turbon, na ciro pistan na ɗora wa kowannensu a tafin hannu, na ce ya kai wa makanikensa ya gani tukuna, in ya dawo mu yi ciniki. Har yau babu wanda ya dawo.

Na gode da wannan fili. Allah ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naka,
Mai sayar da maganin dabbobi,
Tawa, Jamhuriyar Nijar