Ƙanena yana neman hana auren ƙanwarmu saboda asali

Assalamu alaikum Malam, tare da fatan kai da masu sauraron wannan shiri kuna lafiya.

Ni malamar sakandare ce, tarihi nake koyarwa, damuwata kuma ƙanena ne. Tun da Allah ya buɗa masa a harkar sayar da wayoyi, ya shiga kallon wasu bidiyoyi a intanet, sai ya zo mana da sabon zance. Wai duniya kashin dankali ce, haka take tun asali, wanda ya talauce ƙwaƙwalwarsa ce ba ta ja, taimakonsa kuwa asarar dukiya ce. Kwanaki gwaggonmu ta tare shi a ƙofar gida tana neman kuɗin magani, ya miƙo mata dubu biyu ta tagar mota, ko gilashin bai gama saukewa ba.

Shi a wurinsa wannan kimiyya ce, bakinsa ba ya rabuwa da sunan Darwin, Baturen nan masanin halittu da ya yi bayani kan gwagwarmayar rayuwar dabbobi. Na zaunar da shi na faɗa masa inda wannan hanya ta kai mutane. Su Herbert Spencer ne a Ingila suka ɗauko zancen gwagwarmayar rayuwar dabbobi suka ɗora wa al'umma. Francis Galton ya zo da batun tace jinin 'yan Adam, ya raɗa masa suna "eugenics" a 1883. A Amurka Kotun Ƙoli ta amince a 1927 a riƙa yi wa waɗanda aka kira masu raunin hankali aikin hana haihuwa dole, kuma sama da mutum 60,000 abin ya shafa a ƙasar. Jamus ta yi irin dokar a 1933, daga 1939 kuma aka shiga kashe naƙasassu. Na ce masa a ma'aunin mutanen nan ni da shi baƙaƙen fata mu ne a can ƙasa, da wannan hujja ma Turawa suka halatta wa kansu mulkinmu. Ya yi dariya ya ce, "Yaya, nawa ne albashinki?"

Da a nan ya tsaya, da na haɗiye. To ƙanwarmu ta samu manemi, malamin asibiti, yaro mai ladabi da addini, sai dai gidansu mahauta ne. Ka gafarce ni, ka san yadda wasu namu ke kallon wannan tun da can, ba sai Bature ya koya musu ba. Duk da haka Baffa, wanda shi ne waliyyi, ya riga ya amince. Ƙanena ya tsaya kai da fata wai jini ba ya ƙarya. Tun rasuwar mahaifinmu shi ke ɗauke da cefanen gida, don haka Hajiya ta yi gum, Baffa ya fara ɗage sa rana, yarinya kuma ta daina cin abinci sosai.

Malam, ta ina zan ɓullo masa ba tare da zumunci ya lalace ba? In na kai maganar gaban limamin unguwarmu, na tona asirin gida ke nan? Ko Baffa zan fara samu ni kaɗai, ba da saninsa ba?

Na gode, Allah ya ƙara basira.

Wata mai sauraro daga Zariya