Rahoton ayyukan shekara: inda aikin awarwaron waya da duwatsu ya kwana

Assalamu alaikum 'yan'uwa mambobi, iyayenmu da ƙannenmu. Kwamitin gudanarwa na gaishe ku da aiki, da fatan iyali na lafiya. Ga bayanin abin da ƙungiya ta yi a shekarar da ta ƙare. Lissafin kuɗi ba ya cikin wannan takarda, ma'aji za ta karanta shi da rasitansa a babban taro.

Yawancin ƙarfinmu bana ya tafi ne kan awarwaron waya, domin shi ya fi fita a kasuwa, shi ne kuma aka fi mayar mana. Da kwamitin duba kaya ya zauna a kan waɗanda aka mayar, sai ya tarar ƙorafin kusan iri uku ne: ko awarwaron ya ƙi shiga hannu, ko ya lotsa ya koma kamar ƙwai, ko kuma bakin waya ya fito ya yagi mayafi. Da wuya a ce dutse ne ya fashe. Laifin na awo ne da zaɓin waya, don haka a kansu aka gina horon bana.

Awarwaron da ba shi da maƙulli ta tafin hannu yake wucewa, saboda haka auna wuyan hannu ɓata lokaci ne. Mai saye ta haɗa babban yatsa da ƙaramin yatsa kamar za ta zura awarwaro, sai a zagaya tef ɗin tela a inda hannun ya fi faɗi. Ƙungiya ta tsayar da girma uku: faɗin ciki santimita 6, da 6.5, da 7, wato kewayen kusan santimita 19, da 20.5, da 22. A kan kowane kewaye ana ƙara rabin santimita, domin siririyar wayar da za a nannaɗa tana cin wuri ta ciki. Masu manta wannan ƙari su ne ke gama aiki mai kyau ya ƙi wuce gaɓoɓin yatsu.

Batun waya ya fi ba mu wahala, kuma sai a tsakiyar shekara muka gano bakin zaren. Lambar geji, wato lambar kaurin waya, iri biyu ce ke yawo a kasuwa. Wayar ado da ake shigowa da ita kan zo da lambar Amurka, inda geji 16 yake milimita 1.3. Masu sayar da wayar kwail kuwa, wadda ake naɗa injin lantarki da ita, da lambar Ingila suka fi aiki, kuma a can geji 16 milimita 1.6 ne. Mutum biyu za su ce sun sayi lamba 16, ɗaya filayarta ta lanƙwasa, ɗaya ta gagare ta. Daga yanzu da milimita muke magana: uwar waya, wato wadda ake yin zoben awarwaron da ita, 1.3 zuwa 1.6, ta nannaɗi 0.4. In uwar waya milimita 1 ce kawai aka samu, a zagaya ta sau biyu.

An gwada jan ƙarfen cikin kebul na lantarki, kuma ya yi. Mai lamba 1.5 kaurinsa kusan milimita 1.4 ne, daidai da buƙata. Sai dai da laushi yake zuwa. Bayan an naɗa shi ya zama zobe, a ɗora a kan ƙarfe mai santsi a bi shi da guduma a hankali, gaba da baya. Duka yana sa jan ƙarfe tauri, kuma wannan ne ke hana lotsawa. A kankare ɗan bakin kebul kafin a biya kuɗi: in fari ya bayyana a ciki, alminiyam ne aka shafa wa jan ƙarfe, ba zai riƙe siffa ba. Kuma a shago ake saya, ba a hannun wanda ba a san inda ya samo ba.

Ga yadda aka koyar da haɗin a zaman horo, don waɗanda ba su samu zuwa ba. A naɗa uwar waya a jikin bututun ruwa ko kwalba wadda ta ɗan gaza girman da ake so, domin waya na buɗewa kaɗan in an sake ta. A bar bakunan biyu su hau juna da santimita 3, a goge kowanne da magagari har yatsa ya bi bai ji kaifi ba. A yanko siririyar waya mita ɗaya, kada ta wuce haka, doguwa ƙullewa take. A ɗaure mahaɗar da nannaɗi a jere, babu hawa kan juna. Daga nan a zura dutse ɗaya, a kwantar da shi a bayan zoben, a danne da babban yatsa, a nannaɗa sau uku a jikin uwar waya, a zura na gaba. Dutse mai milimita 6 zai ci kusan 28 zuwa 30 a matsakaicin girma, waya kuma mita ɗaya zuwa ɗaya da rabi. In waya ta ƙare a hanya, a tsaya da nannaɗi huɗu, a fara sabuwa daf da ita. Ƙarshen waya ta gefen waje ake yanke shi, tsakanin duwatsu biyu, a danne da filaya mai faffaɗan baki. Wanda aka bari ta ciki shi ke ƙarzar fata.

Abin da sababbin hannu suka fi yi shi ne jan wayar da ta yi ƙulli da ƙarfi wai ta miƙe. A nan take tsinkewa, yau ko bayan mako. A warware ƙullin da yatsa ta inda ya shigo. Na biyu shi ne matse dutsen gilashi fiye da kima, har bakin ramin ya ɓare.

Wayar sifirin, wadda ke zuwa a naɗe tana komawa siffarta, ta taimaka sosai lokacin odar Sallah, domin tana da saurin haɗawa. Zagaye uku na mai faɗin santimita 6 tsawonsu kusan santimita 57 ne, suna cin dutse mai milimita 4 wajen 140. A lanƙwasa baki ɗaya ya zama ɗan zobe da filaya mai zagayen baki, a zura duwatsu, a bar sararin milimita 2 kafin a rufe ɗaya bakin. In babu sararin, duwatsun na gugar juna duk sanda aka buɗe. Muna sake roƙo: wannan waya baƙin ƙarfe ce mai tauri, tana yi wa ƙaramin mayankin ado giɓi. Mayankan ɗakin horo da dama sun lalace ta haka. An sayo babba guda, an ɗaura masa jan ƙyalle don a gane shi.

Sayen kaya a dunƙule ya ci gaba, daga Kasuwar Kurmi da kuma ta hannun masu zuwa Legas. Duk wadda aka aika ta tafi da guntun waya a jaka ta gwada ramin dutse a wurin, domin dutsen gilashi mai milimita 4 sau da yawa ba ya karɓar waya mai milimita 1. Ta kuma goga dutsen da audugar da aka ɗiga wa turare. In launi ya biyo audugar, fenti ne a bisa, zai kwaile kafin biki ya watse. Duwatsun gilashin Masaga na Bida ba su da wannan matsala, launinsu a jikin gilashin yake, ramukansu kuma manya ne, sai dai girmansu ba ya zuwa ɗaya. Sun fi dacewa da zurawa kai tsaye a uwar waya.

Da damina ƙorafin koren hannu ya ƙaru. Gumi ne ke haɗuwa da jan ƙarfe, kuma yana fita da sabulu. Wayar kwail na da riga ta varnish da ke rage wannan, shi ya sa muka koma kanta wajen nannaɗi, in dai ba a kankare ta da filaya ba. Shafa man farce marar launi ta ciki na taimakawa na ɗan lokaci, a gaya wa mai saye zai goge. Ƙaiƙayi da ƙuraje kuwa wani abu ne daban, yawanci daga sinadarin nikel ne da ke cikin farar waya mai araha. Wadda ta ce ɗan kunnen kasuwa na sa mata ƙaiƙayi, kada a sayar mata da na farar waya. Jan ƙarfen da ya dushe a wanke da lemun tsami da gishiri ko jiƙon tsamiya, a ɗauraye, a shanya sosai kafin a sa a leda.

A shekara mai zuwa ba za a kai awarwaro teburin ƙungiya ba sai an zura shi a bututun awo, an kuma goga shi a jikin tsohon mayafi an ga bai kama zare ba. An dakatar da yin na jarirai, saboda ƙananan duwatsu na iya shiga baki. Horon maƙulli mai ƙugiya zai fara bayan ƙaramar Sallah; mai so ta rubuta suna wajen sakatariya, ta zo da filayarta biyu da waya mai milimita 1.

Wassalam,
Kwamitin Gudanarwa