Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Shugaban NITDA: mun gaji da jin "netwok ne"

Assalamu alaikum Malam Kashifu, ranka ya daɗe, ya aiki ya jama'a. Ba zan ja gaisuwa ba don abin da ke cina ya fi ƙarfin gaisuwa.

Ni mai kula da saba ne a nan Kano, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da shafi da bayanan ofis, gaban baƙin allon Linux nake neman abincina. Kuma dalilin da ya sa kai na rubuta wa ba minista ba shi ne kai ɗan gida ne a harkar nan, ka karanta kimiyyar kwamfuta a ATBU Bauchi, ka yi shekaru a Galaxy Backbone kana aikin netwok da hannunka kafin ka wuce CBN, sannan aka ba ka NITDA, hukumar bunƙasa fasahar zamani ta ƙasa, a 2019. Wato in na ce tcpdump ba sai na tsaya yi maka tafsiri ba.

Yallaɓai, kalma ɗaya ce ta ishe mu a ofisoshin gwamnati, "netwok ne". Ka je yin rajista netwok ne, ka je biyan kuɗi netwok ne, ka je karɓar takarda netwok ne, sai ka ce wani aljani ne da ba a ganinsa ba a kama shi, alhali ni da kai mun san duk abin da ya shiga saba ko ya fita daga cikinta ana iya ganinsa ƙuru-ƙuru in har akwai mai dubawa.

Kwanakin baya wani abokina da ke aiki a wani ofishin gwamnati, ba zan kama sunan ofishin ba, ya kira ni wai sati uku kenan shafinsu na rajista yana rarrafe. Da na isa na tarar da mutane jere a kan benci, har da wani dattijo da ya zo tun daga ƙauye da takardunsa a ƙulle cikin leda, ya ce min zuwansa na huɗu kenan, kullum kuɗin mota kullum "a dawo gobe". Aka buɗe min ɗakin sabar, esi ya mutu an kafa mata fanka irin ta tsaye, UPS na ta kuka ba mai kula shi, amma injin kansa sabo fil mai tsada, ko ledar jikinsa ba a gama ɓarewa ba. Sai da muka ɓata sama da awa ɗaya muna neman faswod, don wai yana hannun ɗan kwangilar da ya kafa ta, shi kuma wayarsa a kashe, daga ƙarshe a bayan wata tsohuwar dayari aka samo shi cikin durowa, kuma wallahi sunan ofishin ne aka ƙara masa 123.

Ina shiga na saka iftop, manhajar da ke nuna da wa saba ke magana, ko minti biyu ba a yi ba magana ta fito fili, sabar na ta buga wa ɗaruruwan adireshin IP na ƙasashen waje ta ƙofa ta 22, wato ƙofar SSH da ake bi a shiga saba daga nesa, ba ƙaƙƙautawa, wuraren da ba abin da ya haɗa ofishin da su. Na kunna nethogs ya nuna min manhajar da ke wannan aika-aika, na buga ss na ga wani layi ɗaya a maƙale da wata saba a waje ta ƙofa ta 3333, manhajar top kuma ta nuna ƙwaƙwalwar injin ta cika maƙil da aiki. An bar SSH a buɗe ga duk duniya da wancan faswod ɗin na wasa, wani ya shigo ya dasa manhajar haƙar kirifto, yana haƙa da wutar gwamnati da man janaretan gwamnati, kuma yana amfani da sabar yana laluben wasu da zai fasa. Ɓarawo na zaune a tsakar ɗaki an fita waje ana zagin kamfanin intanet. Abin da ya fi ba ni takaici ma, har sun riga sun rubuta takarda suna neman a ƙaro musu kuɗi su sayi layi mai faɗi, wato a ƙara wa ɓarawon faɗin hanya kenan.

To nawa na kashe? Ko sisi. Kayan nan duk kyauta ne kuma ba yau aka yi su ba. tcpdump, mai kama duk abin da ke wucewa ta netwok ya nuna maka, tun 1988 yake, ya girmi yawancin yaran da ke layin nan. Wireshark mai irin wannan aikin tun 1998 Gerald Combs ya fito da shi da sunan Ethereal kafin a canza masa suna a 2006. vnstat ɗan ƙaramin abu ne da ko tsohuwar kwamfuta ba za ta ji nauyinsa ba, amma zai ajiye maka lissafin datar da ta shiga da wadda ta fita awa-awa, kullum-kullum, wata-wata, da a ce yana kan sabar can da tun daren farko an ga ofis a rufe ƙarfe biyun dare amma data na ta kwarara waje. Zabbix, ko Prometheus haɗe da Grafana, su kuma za su zana maka komai a allo su turo maka saƙo a waya tun kafin talaka ya hau mota. Suricata na nan don kama irin wannan baƙon motsin. Babu lasisi, babu dala, babu zuwa Dubai kwas.

Wataƙila ma laifinsu kenan, abin da babu kwangila a cikinsa wa zai kai shi gaban oga?

Ban ce netwok ba ya yankewa ba fa. Ranar 14 ga Maris 2024 da igiyoyin ƙarƙashin teku suka samu matsala, su WACS da ACE da SAT-3 da MainOne, kowa ya ji a jikinsa har bankuna, ranar kam wanda ya ce netwok ne ya yi gaskiya. Amma rana nawa ke nan a shekara? Ka tuna jarrabawar JAMB ta 2025, ɗalibai 379,997 a cibiyoyi 157 na Legas da kudu maso gabas aka ce su sake zama, shugaban JAMB Farfesa Oloyede har da hawaye gaban 'yan jarida. Na yaba masa da ya fito ya amsa, kuma ban ce iftop ne zai hana wancan ba don matsalarsu daban ce, amma cutar iri ɗaya ce, sai da sakamako ya fita iyaye suka yi ta ihu sannan aka koma aka duba injinan. A ƙasar nan ihun talaka shi ne na'urar sa ido.

Ranka ya daɗe, ga inda ka shigo. Ku ne kuka ce duk wata ma'aikata ko hukumar tarayya da za ta yi aikin IT sai ta kawo NITDA an tantance, kuma mun sha jin kuna faɗin irin kuɗin da wannan tsarin ya ceto wa gwamnati, madalla. To don Allah don Annabi a sa wannan a ciki da babbar murya, in ma yana cikin takarda to bai iso ƙasa ba. Kada a biya ɗan kwangila cikon kuɗinsa sai ya kafa kayan sa ido a kan sabar sun fara aiki an gani, sai ya miƙa faswod na rut, wato mai cikakken iko da sabar, ga ma'aikacin ofishin ba ya tafi da shi a aljihu kamar makullin gidansa ba, sai an rubuta sunan mutum ɗaya da aka ce kai ne mai duba allon nan kullum da safe, kuma a ajiye log, wato tarihin abin da ya faru a sabar, na wasu watanni yadda in abu ya faru za a iya komawa baya a ga ina aka shigo. Bayan wata shida ku aiko yaranku ba sanarwa su ce a buɗe musu allon. In tarayya ta fara jihohi za su kwaikwaya, haka suke.

Kun yi alkawarin kashi 70 na 'yan ƙasa za su iya amfani da fasahar zamani nan da 2027, ga shirin 3MTT da aka ce za a horar da matasa miliyan 3, har da fannin tsaron intanet da DevOps a ciki. Mun ga hotunan taro, mun ga huluna da riguna. To yaran da suka gama ina aka kai su? Ga ɗakunan saba nan a sakatariyoyi babu kowa ciki sai fanka.

Akwai sauran magana, kamar a ce kowace hukuma ta buɗe shafin da zai riƙa nuna ko sabarta na aiki ko ta faɗi don mutum ya duba kafin ya baro gida, da kuma cewa sa ido kan saba daban leƙen asirin jama'a daban, dokar kare bayanai ta 2023 na nan kada wani ya fake da maganata, amma bari na bar su sai wani jiƙon.

Ofishin can dai mun goge sabar mun sake ɗora komai, na rufe SSH sai da makullin sirri ba faswod ba, na bar musu vnstat da Zabbix. Wani ɗan bautar ƙasa na koya wa karanta allon, yaro mai kai, kullum da safe sai ya turo min hoton zanen a WhatsApp. Saura wata uku ya gama hidimarsa ya tafi, na tambayi abokina wa zai karɓa, ya ce an rubuta takarda tana teburin oga.

Na gode, a huta lafiya.

Naka,
wani mai kula da saba a Kano