Godiya ga masu wayarin na Ƙofar Ruwa da suka tayar mana da gejin mai

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga Malam, maigidan shagon wayarin da ke layin masu gyaran manyan motoci a Ƙofar Ruwa, Kano, tare da yaransa. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kuna lafiya. Shagonku ba shi da allon suna, amma duk direban da ya saba da layin ya san rumfar nan da ake rataye tsofaffin geji a bakinta. Na yi muku godiya baki da baki ranar da muka rabu, sai na ga bai isa ba, gara in rubuta inda masu tsofaffin motoci irina za su gani.

Sana'armu dakon hatsi. Motoci biyu gare mu, dukkansu Marsandi 911 masu bodin katako, suna ɗauko gero da dawa da wake da riɗi daga kasuwannin Gumel da Maigatari da Haɗeja, su sauke a Dawanau. Babbar motar gado ce daga mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya saye ta tun kafin a buɗe kamfanin ANAMMCO mai haɗa Marsandi a Inugu a 1980. Injinta OM 352 ne mai silinda 6, kuma har yau bai ba mu kunya ba. Abin da ya daɗe da mutuwa a motocin biyu shi ne gejin mai.

Kowa ya san dabarar direbobinmu: a tsaya, a buɗe tanki, a zura sanda, a duba inda ta jiƙe. Sanda ba ta ƙarya, amma ba ta magana kana cikin tafiya, kuma idan mota ta tsaya a karkace sai ta nuna maka abin da babu. Motar gas kuwa ba a wasa da ƙarewar manta. Ta fetur idan ta shanye sai a zuba a tayar. Ta gas da zarar ta zuƙi iska, sai an sassauta notin kan filta, a yi ta danna famfon hannu har kumfa ta daina fita, wani lokaci ma sai an kwance bututun nozul, duk wannan a gefen titi da lodi a baya, ga dattin gindin tanki da ta riga ta ja. Sannan tun da litar gas ta haye naira 1,000, zancen mai ya zama abin da ke raba mai mota da direbansa. Wannan ya ce an sha, wancan ya ce ya rage, babu mai shaida.

Abin da ya fara burge ni da ku shi ne ba ku fara da sayar mini da kaya ba. Na zo da niyyar a canza ma'aunin cikin tanki na motocin biyu, kuɗin ma na aljihuna. Malam, ka ce a dakata a gwada tukuna. A kan ƙaramar motar, yaronka ya cire wayar da ke kan tanki, allura ta tsaya can sama. Ya taɓa wayar da jikin shasi, allura ta faɗo ƙasa. Nan take ka ce gejin da ke gaban direba lafiyarsa lau, wayar ma ba ta tsinke ba. Da aka sa mita a kan ma'aunin shi ma ya amsa. Ashe wayar da ke haɗa tanki da jikin mota ce tsatsa ta cinye, shi ya sa allura ta maƙale a sama shekara da shekaru. Aka kankare wurin har ƙarfe ya yi fari, aka ɗaura sabuwar waya, geji ya tashi. Kuɗin aiki kawai ka karɓa, alhali da ka ce sai an sa sabo, ba ni da hanyar da zan gane.

Babbar motar ce ta ci lokaci, kuma a kanta na koyi abin da ya sa na ɗauki alƙalami. An taɓa canza mata ma'auni a wani gareji a kan hanya, tun daga nan geji ya riƙa magana a juye: a cika tanki allura ta kwanta kusa da ƙasa, mai ya kusa ƙarewa ta miƙe ta wuce cikakke. Direba har ya saba karanta ta a haka. Da kuka zaro abin, ka ajiye shi a kan benci ka nuna mini yadda yake: ƙwallo mai yawo a saman mai, da siririn hannu na ƙarfe, da wata 'yar waya da aka naɗe wadda harshe ke gogawa a kanta duk lokacin da hannun ya hau ko ya sauka. Ka haɗa mita kana ɗaga hannun a hankali. Yana ƙasa ta nuna om 240 (om shi ne awon yadda waya ke tauye wucewar wuta), yana sama ta nuna 33. Gejin da ke cikin motar kuwa ƙirar kamfanin VDO ne, wanda ke jiran 10 idan tanki ya bushe, 180 idan ya cika. Wato an aurar da biyun ne ba su jin yaren juna. Ka ƙara da cewa tsofaffin motocin Amurka ma kowace da nata lissafin, na Chevrolet 0 zuwa 90, na Ford 73 zuwa 10, don haka dacewar ramukan sukuru 5 da ke bakin tanki ba ita ce shaidar an samu daidai ba. A ganina wannan ne wurin da masu motoci da yawa ke asarar kuɗi. Mutum ya tafi kasuwa da tsohon a hannu, a ba shi mai kama da shi, ya dawo yana zagin geji.

Ka aiki yaro cikin kasuwa da mita a hannunsa, ka ce kada ya karɓi komai sai ya gwada a gaban mai kaya. Na farko da aka miƙo masa na hannu ne, ƙwallonsa na tagulla. Ya girgiza shi a kunne ya ji ruwa na motsi a ciki, alamar ya huje, da an sa shi da nutsewa zai yi. Ya mayar, ya zo da sabo.

Ko da aka samu daidai, aiki bai ƙare ba. Tankin motar ba na asali ba ne, mahaifinmu ya sa mai walda ya ƙera mata babba saboda doguwar tafiya, ya fi na kamfani zurfi. Kun auna zurfin, kun daidaita tsawon hannun yadda ƙwallon zai sauka kusa da gindi ba tare da ya taɓa shi ba, kun tabbatar ba ya karo da ƙarfen da ke raba cikin tankin. Kafin a taɓa komai an cire kan batir, kuma na ga yadda ƙaramin yaronka ya kori karen motarmu can nesa da sigarinsa, ba tare da jin nauyin ya girme shi ba. An sa sabuwar roba a bakin, an ɗaure sukurorin ɗaya bayan ɗaya a gicciye don kada ya yi yoyo. Daga nan aka riƙa zuba mai jarka-jarka, ana duba allura, direba na rubutawa a bayan kwali. Ka gargaɗe shi cewa tunda tankin mai zagaye ne a kwance, allura za ta yi saurin sauka daga sama, ta yi nawa a tsakiya, ta sake gudu idan ta kusa ƙasa, kada ya ga ta daɗe a rabi ya saki jiki. Kwalin nan yana manne a gaban motar har yanzu.

Tun daga lokacin, direba yana tashi daga Maigatari ya san ko mansa zai kai shi Kano ko sai ya ƙara a Gumel. Lissafin mai tsakanina da su ya koma ɗaukar hoton geji a waya lokacin tashi da lokacin sauka, gardama ta ragu ƙwarai.

Ƙorafina ɗaya ne, Malam: ku sa allo a shagon nan, ko da na fenti ne a jikin kwano. Na tura abokan sana'a biyu daga Dawanau, ɗaya ya sha yawo kafin ya same ku. Akwai kuma tsohuwar Fijo 404 a-kori-kura ta ƙanena da ke da irin wannan ciwon, ita ta fetur ce, zan sa ya kawo ta da tanki kusan a bushe kamar yadda ka ce a riƙa yi, in Allah ya kai mu bayan kaka.

Allah ya saka da alheri, ya yi wa sana'a albarka, ya raya yaran da kake koya wa.

Naku,
Mai motocin dakon hatsi, Dawanau, Kano.