Sanarwa: Tunawa da Marigayi Rashidi Yekini

Assalamu alaikum ƴan uwa. Ranar 4 ga Mayu za mu taru a filin atisayenmu bayan sallar La'asar domin tunawa da Yekini, wanda ya rasu a rana irin wannan a 2012.

Haifaffen Kaduna ne, ya ci wa Najeriya ƙwallaye 37, kuma shi ya fara ci mana ƙwallo a gasar cin kofin duniya, a ragar Bulgeriya a 1994. Wa zai manta yadda ya riƙe raga yana ihu? Ni dai har gobe.

Za a yi addu'a, sannan wasan sada zumunta. Kowa ya miƙa wa ma'aji naira 2,000 kafin ranar, ya zo da koriyar riga. Don Allah a kiyaye lokaci.

Allah Ya jiƙansa da rahama. Na gode.