Abba, kafin ka sayi fom ɗin nan

Assalamu alaikum Abba, ya gida ya iyali, ya kasuwa? Jiya da daddare mamanka take faɗa min wai abokanka sun same ka da maganar ka fito takarar ɗan majalisa, har an fara zancen kuɗin fom da fosta. Na so in kira ka a waya sai na ga gara in rubuta ka karanta a tsanake, dan maganar tana da ɗan tsawo kuma ta tsaya min a rai wallahi.

Akwai wani mutum da nake so ka san labarinsa, sunansa Berkley Bedell. Lokacin da aka tura mu karatun noma a Ames da ke jihar Iowa ta Amurka shine yake wakiltar arewa maso yammacin jihar a majalisar wakilai, kuma duk manomin da ka zauna da shi daga wancan yankin sai ka ji sunansa a bakinsa. An haife shi 1921 a wani ɗan ƙaramin gari mai suna Spirit Lake, gari ne na bakin tafki kowa ya iya fatsa. A 1937 yana ɗan sakandare ya ɗauki dala 50 da ya tara daga raba jarida gida-gida ya sayi ƙugiyoyi da zare da gashin tsuntsu, yana ɗaura su yadda za su yi kama da ƙwaro kifi ya gani ya kawo cafka, a gidansu yake yi yana sayar wa masu zuwa kamun kifi. Ka ga kusan layinku ɗaya, kai kana haɗa abincin kifi shi yana haɗa abin kama shi.

Yaƙin duniya na biyu ya katse masa, ya shiga soja yana koyar da tuƙin jirgin sama, da aka gama ya dawo garinsu ya ɗora daga inda ya tsaya. A 1959 kamfaninsa ya fitar da zaren fatsa mai suna Trilene wanda har yau ana sayar da shi, a 1964 kuma shugaba Lyndon Johnson ya karrama shi a matsayin gwarzon ƙananan 'yan kasuwa na ƙasar.

To Abba nan ne nake so ka tsaya ka yi lissafi da kanka. Bai nemi kujerar majalisa ba sai 1972, shekara 35 kenan da fara sana'a, yana da shekara 51 a duniya, kamfanin ya riga ya tsaya da ƙafarsa ko yana nan ko baya nan aiki na tafiya ana biyan ma'aikata. Kuma duk da haka faɗuwa ya yi, Wiley Mayne, ɗan jam'iyyar Republican da ke riƙe da kujerar, ya kayar da shi. Bai talauce ba, ya jira 1974 ya sake fitowa lokacin da badaƙalar Watergate, wadda ta sa shugaba Nixon ya yi murabus, ta girgiza jam'iyyar Republican sannan ya ci. Naka kamfanin shekararsa uku, bashin injin ɗin nan na biyu ba ka gama biya ba, kuma ranar da ka je Kano ka kwana biyu kai da bakinka ka ce min yara sun ɓata buhu goma sha. In ka shiga kamfen wata shida waye zai tsaya a wajen? Kuɗin fom da motoci da na 'yan rakiya duk daga jarin nan za su fito, masu zuga ka yau ba wanda zai sa sisinsa.

Abinda ya fi burge ni da mutumin shine yadda ya riƙe kujerar. Ɗan Democrat ne a yankin da yawanci Republican suke zaɓa amma sau shida suna zaɓensa, daga 1975 har 1987, saboda yana yawo gari-gari yana tara mutane a buɗe, ya kawo batu su tattauna su kaɗa ƙuri'a a wajen kan abinda suke so ya je ya yi a Washington. Shekarun da bashi ya ci gonakin manoman Iowa yana cikin kwamitin noma yana magana da yawunsu. Wanda cikinsa ya dogara da kujera ba zai iya sauraren talakawa haka ba, sai dai ya saurari wanda ya biya masa kuɗin kamfen. Da kaska ta cije shi ya kamu da cutar Lyme kuwa bai liƙe ba, ya ƙi sake tsayawa a 1986 ya koma gida jinya, Allah ya yi masa tsawon rai sai 2019 ya rasu yana da shekara 98.

Ni ban hana ka siyasa ba, kuma nasan kana da zuciyar taimakon jama'a tun kana ƙarami. Amma wannan zangon dan Allah ka bar shi ya wuce, ka gama biyan bashin injin, ka samu amintaccen manaja ka koya masa aikin har ya iya riƙe wajen ba kai. Ka zo gida ranar Juma'a bayan masallaci mu zauna da kawunka, ka taho da littafin lissafin kamfanin mu duba tare. Ka gaida min mai ɗakinka da jikokina, Allah ya yi maka albarka.

Babanka