A ba mu labarin Rameswaram, tsibirin da 'yan Hindu ke ziyarta

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da ma'aikatanka, ina roƙon ɗan fili in yi magana kan yadda muke ba da labarin Indiya. Duk sa'ad da sunan ƙasar ya fito a jaridunmu, da wuya ya wuce fim, ko asibiti, ko rikicin 'yan Hindu da Musulmi. Rikicin gaskiya ne, ba na neman a rufe shi, Musulmi a wasu jihohin ƙasar suna ji a jikinsu. Amma ƙasar da ke da mutane fiye da biliyan 1 da miliyan 400 ba ta ƙare a nan ba. Ni ɗalibi ne a Madurai, cikin jihar Tamil Nadu, kuma akwai wani tsibiri kimanin kilomita 170 daga inda nake da nake so masu karatu su san da shi.

Sunan garin Rameswaram, a kan tsibirin Pamban, tsakanin Indiya da Siri Lanka. A tsakiyarsa akwai haikalin Ramanathaswamy, ɗaya daga cikin wurare 4 da Bahindu ke burin ya taka kafin ya bar duniya: Badrinath a arewa, Dwarka a yamma, Puri a gabas, sai wannan a kudu. A aƙidarsu, Rama, jarumin da suke bauta wa, ya tsaya a nan bayan ya kashe Ravana, sarkin Lanka, ya bauta wa Shiva, ɗaya daga cikin manyan allolinsu, don neman tsarki daga alhakin jinin da ya zubar. Ni Musulmi ne, ban yarda da wannan ba ko kaɗan, kuma abokin karatuna Bahindu da ya kai ni ya san haka tun kafin mu tashi. Shi ya sa da muka isa ƙofar gabas na tsaya a waje ya shiga, domin wanda ba Hindu ba dama ba ya kaiwa can ƙurya.

Abin da na gani daga waje ya ishe ni. Tun gari bai waye ba mutane ke gangarowa bakin teku, wurin da suke kira Agni Tirtam, su shiga ruwa da tufafinsu. Na ga wani magidanci riƙe da mahaifiyarsa tsohuwa, ƙafafunta na rawa, yana tallafe da ita ta baya har ruwa ya kai mata ƙugu, ta nutsa kai ta ɗago tana haki tana motsa baki. A kan tudu, iyalai sun zauna gaban malamansu da dunƙulen shinkafa a kan ganye, suna yi wa iyayensu da suka rasu addu'a irin tasu. Daga nan sai su nufi haikali ba takalmi, jiƙe sharkaf. A ciki, in ji abokina, akwai rijiyoyi 22, kowace da mai guga a tsaye, yana ja yana kwara wa mutane a ka, daga wannan rijiya su wuce waccan har su gama. Suna cewa ɗanɗanon ruwan kowace daban ne. Baranda ta waje tana da ginshiƙan dutse sama da 1,200, kuma sarakunan Setupati na Ramnad ne suka gina mafi yawanta.

Wata al'adarsu ta tsaya mini a rai. Mai ziyara yakan ɗebi yashi a bakin tekun Rameswaram, ya kai shi kogin Ganga a arewa, sa'annan ya ɗebo ruwan Ganga a ɗan tulun tagulla da aka liƙe bakinsa, ya dawo da shi nan a zuba a kan abin bautarsu. Tsakanin Varanasi, birnin da ke bakin Ganga, da wannan tsibiri ya fi kilomita 2,000. Yau jirgin ƙasa ke ɗaukarsu, amma kakanninsu da ƙafa suka yi ta. Mutumin da ya ɗauki wannan wahala bai cancanci a taƙaita shi da cewa "masu bautar saniya" a wuce ba. Kana iya ƙin aƙidar mutum gaba ɗaya, ka kuma faɗi gaskiyar abin da yake yi.

Amma babban dalilin rubuta wannan wasiƙa yana wani lungu da ake kira Titin Masallaci, tafiyar ƙafa kaɗan daga haikalin. A nan aka haifi A.P.J. Abdul Kalam a 1931, masanin kimiyyar roka wanda ya zama shugaban ƙasar Indiya daga 2002 zuwa 2007. Mahaifinsa Jainulabdeen limamin masallaci ne, kuma sana'arsa kwale-kwale: shi ke ɗaukar maziyarta 'yan Hindu tsakanin Rameswaram da Dhanushkodi, wani gari a ƙarshen tsibirin. Babban malamin haikalin a lokacin, Pakshi Lakshmana Sastry, amininsa ne na zama tare a yi hira. Liman bai bar sallarsa ba, malamin haikali bai bar nasa ba, kuma abincin gidan liman daga jigilar baƙin haikali yake fitowa. Kalam kansa yana yaro tallar jarida ya yi a garin, wanda ya kamata ya ɗan taɓa zuciyar Edita. Da ya rasu a 2015, a tsibirin aka binne shi, kuma motocin da ke kawo mutane haikali su ne dai ke tsayawa a kabarinsa. Me ya hana irin wannan labari ya sami shafi a jaridar Hausa?

Ga kuma abin da zai ba mai karatu Musulmi mamaki. Jerin tsibiran yashi da duwatsun da suka miƙe daga nan zuwa tsibirin Mannar na Siri Lanka, kimanin kilomita 48, 'yan Hindu na cewa gadar da rundunar Rama ta gina ce. A taswirori kuwa sunansa Gadar Adamu, saboda wani tsohon labari na Musulmi cewa Annabi Adamu, alaihis salamu, ya sauka a Sarandib, wato Siri Lanka, ya ƙetaro ta nan. Kusa da tashar jirgin garin akwai wasu dogayen kaburbura biyu da mutanen wurin ke dangantawa da Habila da Ƙabila. Ban ɗauki wannan a matsayin tarihi tabbatacce ba, amma ya nuna tun yaushe Musulmi ke kan wannan gaɓa.

Hanyar shiga tsibirin ma labari ce. An buɗe gadar jirgin ƙasa ta Pamban a 1914, kusan kilomita 2 a kan teku. A watan Disamba 1964 guguwa ta share garin Dhanushkodi, ta tafi da jirgin fasinja da mutane fiye da 100. Har yau kangon cocinsa da na tashar jirginsa na nan cikin yashi. Gadar mota ta zo a 1988, sabuwar gadar jirgi mai ɗaga tsakiyarta sama don jiragen ruwa su wuce kuma aka buɗe ta a Afrilu 2025.

Ba komai ne ya burge ni ba. Masu wanka da yawa suna cire tsoffin tufafinsu su bar su a cikin teku, sai ka ga tsummoki na yawo a wurin da suke ɗauka mai tsarki, ma'aikata na ta kwashewa ba sa ƙarewa. Wannan ma a rubuta shi.

Roƙona, Edita, shi ne ka buɗe wa ɗalibanmu da ke Indiya fili su riƙa aiko da abin da idonsu ya gani. In za a fara da wannan tsibiri, kada a manta da masuntansa, waɗanda sojojin ruwan Siri Lanka ke yawan kamawa tare da ƙwace jiragensu bisa zargin sun ƙetare iyaka, iyalansu na zaune a bakin gaɓa suna jiran a sako su.

Wassalam.

Naka mai karatu,
daga Madurai, Indiya